Kun Tambaya, Mun Amsa: Fuller Pilch, telan da ya gagari masu jifa a kurket ɗin Ingila

Tun bayan Gasar Wasannin Afirka da aka yi a nan Akra a watan Maris na 2024, inda aka buga kurket a filin Achimota har Zimbabwe ta kwashe zinaren maza da na mata, wasiƙun da ke zuwa wannan shafi a kan kurket sun ƙaru sosai. A wannan fitowa mun ware waɗanda suka taru a kan mutum ɗaya, Fuller Pilch, da irin wasan zamaninsa. Ga wanda bai saba da wasan ba: mai jifa yana auna turaku uku da aka kafa a ƙasa, mai bugu yana kare su da sanda mai faɗi, kuma duk gudu ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan maki ɗaya ne. Tsakanin turakun gefe biyu yadi 22 ne, wato mita 20 da 'yan kai.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗalibaina sun fara koyon kurket, sai wani dattijo da ya buga wasan a ƙuruciyarsa ya ce musu kafin W. G. Grace, shahararren ɗan kurket ɗin Ingila, ba a yi mai bugu kamar Fuller Pilch ba. Wane ne shi, kuma wa ya buga wa? (Malamin firamare, Nima)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Dattijon nan bai yi ƙari ba.

An haifi Pilch a watan Maris na 1804 a ƙauyen Horningtoft, cikin gundumar Norfolk a gabashin Ingila. Sana'ar ɗinki ya koya. Yayyensa biyu, Nathaniel da William, su ma suna buga kurket, kuma su ukun tare suka tsaya wa Norfolk a filin Lord's da ke Landan a 1820, lokacin yana ɗan shekara 16. Wannan wasa ya shiga tarihi ne saboda wani daban: William Ward na ƙungiyar MCC (Marylebone Cricket Club, mai tsara dokokin wasan) ya ci maki 278 a kansu, adadin da ba a wuce shi a filin ba sai 1925. Yaron dai ya sha gudun tsinto ƙwallo, amma manya sun lura da tsayuwarsa.

Ya kamata ɗalibanka su gane abin da ake nufi da kurket ɗin gunduma a wancan lokaci. Babu gasa mai teburi da kofi. Wannan sai 1890 aka tsara ta a hukumance. Attajirai da masu gonaki ne ke tara 'yan wasa su sa musu sunan gunduma, su biya kuɗin tafiya, sau da yawa da caca mai nauyi a kan sakamakon. Ƙungiyoyin gunduma masu tsari daga baya suka zo: Sussex a 1839, Surrey a 1845, Yorkshire a 1863. Saboda haka gwani irin Pilch yakan buga wa duk wanda ya ɗauke shi. Ya yi zama a Bury St Edmunds, ya koma Norwich, ya buga wa zaɓaɓɓun Ingila. A 1834 ya ci wa Norfolk maki 153 a kan Yorkshire ba tare da an fitar da shi ba (wato abokan karawa ba su iya kawo ƙarshen bugunsa ba), wanda a lokacin abin a yi shekara ana zancensa ne.

Sai mutanen Kent suka zare shi. A 1835 ya tare a garin Town Malling a kan albashin fam 100 a shekara, yana wasa, yana kula da fili, yana riƙe da gidan saukar baƙi. Daga 1836 zuwa 1854 Kent ya buga wa, har ya kai shekara 50 yana shiga fili. A nan ya haɗu da mutum huɗu da suka mai da Kent gagarau: Alfred Mynn, ƙaton mai jifa da ƙarfi, William Hillyer, mai jifan da ba ya kuskuren wuri, Ned Wenman, mai tsaron bayan turaku, da wani shugaban makaranta bahago, Nicholas Wanostrocht, wanda ya ɓoye a bayan sunan Felix. Gunduma ɗaya ce tak, amma sukan kara da zaɓaɓɓun Ingila baki ɗaya, kuma sau da dama su ke yin nasara. A 1842 Pilch ya koma birnin Canterbury, shekarar da aka fara makon kurket na garin da ake yi har yau. Da aka buɗe filin St Lawrence a 1847, shi ne mai kula da fili na farko, ya riƙe aikin har 1868. Ya rasu a Canterbury ranar 1 ga Mayu, 1870, shekara biyar bayan Grace ya fara manyan wasanni.

Tambaya: Na duba alƙaluman Pilch a intanet. Ya ci maki sama da 7,000 a manyan wasanni fiye da 200, amma matsakaicin makinsa bai kai 19 ba. Yau wanda ke da 19 ko benci ba zai samu ba. Ina gwanintar take? (Ɗalibin jami'a, Madina)

Amsa: Ɗan'uwa, alƙaluman da ka gani daidai ne, awon ne ba daidai ba. A zamanin Pilch ƙungiya ta mutum 11 takan fita gaba ɗaya da maki 60 ko 80, ba wanda zai ce an yi abin kunya. Wanda ke kawo 18 ko 19 a kai a kai cikin irin wannan jimla, shi ke ɗauke da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙungiyar. Ga abin da ya danne makin.

Na farko kuma mafi girma, ƙasar da ake wasa a kanta. An ƙirƙiro injin yankan ciyawa a 1830, amma an daɗe ba a yarda da shi a filayen kurket ba. A Lord's kanta tumaki ake korowa su cinye ciyawar, a bi da lauje, a ɗan daddaɓe. Babbar rola mai nauyi sai wajen 1870 ta shigo. Ba a rufe zirin tsakiya, wato ƙasar da ke tsakanin turakun gefe biyu, idan an yi ruwa. To ƙwallon fata mai nauyin giram 156 zuwa 163 idan ta dira a kan tsakuwa ko ramin kofato, ɗayan biyu ne: ko ta tashi tsaye ta nufi haƙarƙari, ko ta kwanta ta bi ƙasa kamar an ja ta da zare ta tsinke turke. Mai bugu bai san wadda za ta zo ba.

Na biyu, babu igiyar iyaka. Yau ka buga ƙwallo ta gangara ta taɓa igiya an ba ka 4 kana tsaye, ta haura a sama an ba ka 6. A galibin filayen lokacin Pilch kowane maki da ƙafa ake gudo shi, a cikin doguwar ciyawar da ke riƙe ƙwallo. Na uku, sandar. Tasa gungumen itacen wilo ne guda ɗaya tun daga mariƙi har ƙasa. Mariƙin gora mai shanye girgiza sai a shekarun 1850 ya fito, don haka duk bugun da bai sami tsakiyar sanda ba har gwiwar hannu ake jin sa, kuma ƙwallon ba ta yin nisa.

Na huɗu shi ne wanda mutane suka fi mantawa: dokar jifa ta sauya a tsakiyar rayuwarsa. Ya tashi ana jifa ta ƙasa, hannu na lilo a gefen cinya. Yana saurayi masu jifan Sussex, William Lillywhite da Jem Broadbridge, suka fara ɗaga hannu suna kewayo da shi ta gefe. An yi ta rigima har aka shirya wasannin gwaji uku a 1827 tsakanin Sussex da Ingila, Pilch na cikin 'yan Ingila. Sussex ta ci biyu, Ingila ta ci na uku. A 1828 MCC ta yarda hannu ya kai tsayin gwiwar hannu, a 1835 ta yarda ya kai kafaɗa. Jifa ta saman kai da muke gani yau sai 1864 aka halatta ta, bayan ya daina wasa. Jifan gefe ya fi na ƙasa gudu, yana zuwa a karkace, yana tashi sosai, kuma ya kashe kasuwar masu bugu da dama da suka yi suna a tsohon salo. Pilch ya sake gina wasansa a kansa, ya kuma yi shekara ashirin yana kan gaba. A dukkan matakan wasa ya kai maki 100 sau goma, ciki har da 160 da ya ci wa Town Malling a kan Reigate a 1837. A ganinmu wannan ya fi ɗari-ɗari hamsin a kan shimfiɗaɗɗen filin zamani.

Tambaya: Yayyena masu amsa, barkanku da aiki. Ina tara yaran unguwa ranar Asabar muna atisaye a filin makaranta, ƙasa ce ja babu ciyawa. An ce Pilch ya shahara da wani bugu na miƙa ƙafa gaba. Yaya ake yin sa, kuma zai yi wa yarana amfani? (Mai horar da yara, Mamobi)

Amsa: Ƙanenmu, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Wannan ita ce tambayar da muka fi so a wannan fitowa, domin filinka da filin Pilch 'yan uwan juna ne.

Dabarar a taƙaice ita ce: ƙwallo ba ta yin mugunta sai bayan ta dira, kuma muguntar tana ƙaruwa da nisan da ta yi bayan dirar. Idan ƙasa ta karkatar da ita kaɗan, a cikin taku ɗaya karkatar ba ta wuce faɗin yatsu biyu ba, sanda mai faɗin santimita 10.8 za ta rufe ta. Ka bar ta ta yi mita uku, ta kauce wa sandar gaba ɗaya. Pilch dogo ne, ya haura ƙafa shida, sai ya riƙa miƙa ƙafar gaba har kusa da inda ƙwallon za ta sauka, ya tare ta da miƙaƙƙiyar sanda tun ba ta yanke shawara ba. Ba tarewa kawai yake yi ba, yana tura ta ta ratsa tsakanin masu tsaron gefen da fuskarsa ke kallo, ya samu maki ɗaya ko biyu. Turawa har suka sa wa bugun sunansa.

Ga yadda za ka koya wa na-dama. Bahago sai ka juya komai. Riƙo tukuna. Hannun hagu a sama, shi ne mai mulki, ya riƙe gam. Hannun dama a ƙasa, babban yatsa da yatsu biyu kawai, sakwa-sakwa. Hannayen su haɗu a tsakiyar mariƙi, kada a bar tazara. Tsayuwa: ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, ɗaya a bayan layin mai bugu ɗaya a gabansa (layin yana mita 1.22 gaban turaku), gwiwa a ɗan sassauce, idanu biyu a daidaice suna kallon hannun mai jifa. Yayin da mai jifa ya ɗaga hannu, yaro ya ɗaga sanda baya a miƙe, ta nufi saman turken waje, wato wanda ya fi nisa da ƙafafunsa.

Sai tafiyar. Kai da kafaɗar hagu ne ke fara zuwa wajen ƙwallo, ƙafa ta biyo su. Wannan jerin shi ne komai. Idan ƙafa ta riga kai, an lalata bugun. Ƙafar hagu ta sauka a gefen layin ƙwallon, ba a kan layin ba, diddige ya fara taɓa ƙasa, gwiwa ta lanƙwasa nauyin jiki ya hau kanta. Ƙafar dama ta miƙe, diddigenta ya tashi, amma yatsun su tsaya a bayan layi. Sanda ta sauko a tsaye daf da ƙwaurin hagu, ba ramin da ƙwallo za ta bi tsakaninsu. Gwiwar hannun hagu a sama, mariƙi ya riga fuskar sanda zuwa gaba, yadda sandar za ta karkata kamar rumfar da aka sunkuyar don ruwa ya zube ƙasa. Haɗuwar ƙwallo da sanda a ƙarƙashin ido za ta kasance. Idan an yi daidai, ƙwallon za ta faɗi ta mutu cikin mita biyu zuwa uku.

Abubuwan da ke ɓaci, da dalilinsu. Idan ƙwallo tana tashi sama ana cafewa, hannun dama ne ya matse ya ture ƙasan sanda gaba. Ka sa yaron ya yi bugu ashirin da hannun hagu kaɗai. Idan tana yawan samun ƙwaurinsa a gaban turaku, ƙafar ta haye layin ƙwallon, sandar kuma dole ta zagayo ta. Yawanci kai ne ya faɗi gefe tun a tsayuwa, sai ka gyara tsayuwar kafin ka taɓa ƙafar. Idan tana shiga tsakanin sanda da ƙafa, takun ya yi gajarta, yaron yana miƙa hannu maimakon jiki. Idan mai tsaron baya yana karya turaku yana fitar da shi, ƙafar dama ce ke jan ƙasa ta tsallake layi, domin takun ya wuce ƙarfinsa. Kada ka ce wa ɗan shekara goma ya yi takun mutum mai ƙafa shida. Iyakar takunsa ita ce inda zai iya tsayawa cak ya ƙirga uku bai yi tangaɗi ba.

Babban kuskure kuma shi ne zuwa gaba ga kowace ƙwallo. Wannan bugu na ƙwallon da ta sauka kusa ne, wadda taku ɗaya zai kai ka gare ta ko daf da ita. Wadda ta sauka a tsakiyar ziri baya ake ja mata. Mai miƙa ƙafa ga gajeriyar ƙwallo yatsunsa da haɓarsa yake miƙawa. Ka ja layi da toka ko alli a ƙasa, taku biyu manya gaban inda yaro ke tsaye: ta sauka a kan layin ko ta wuce shi, gaba, ta sauka kafin layin, baya. Ka riƙa jefowa ta ƙasa daga mita takwas, yaron yana faɗin "gaba" ko "baya" da baki kafin ya motsa. Jifa shida-shida, zubi huɗu ga kowane yaro, ya isa a rana. A gida kuma a sa tsohuwar ƙwallo a cikin safa, a ɗaure da igiya a reshe ko ƙarfen baranda yadda za ta tsaya daidai gwiwa, ya yi ta turawa a miƙe. Idan sandar ta karkace, igiyar za ta yi lilo gefe, shi da kansa zai gani. Ga 'yan ƙasa da shekara 11 ka rage zirin zuwa yadi 17, domin a yadi 22 jifansu sai ya dira sau biyu.

Tambaya: Ɗana ya dawo da kumburi a ƙwauri. Ya ce mutanen da ba sa sa komai a jiki, shi ma ba ya so. Gaskiya ne? (Uwa, Fadama)

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Gaskiya ne Pilch ya yi yawancin ƙuruciyarsa da doguwar hula da wando kawai, domin kariyar ƙwauri da safar hannu sai a shekarun 1830 zuwa 1840 suka fara shigowa. Amma ki gaya wa ɗanki abin da ya biyo baya. A 1836 a Leicester, abokin wasan Pilch, Alfred Mynn, ya ci maki 125 da ƙafar da ƙwallo ta yi ta duka. Da aka tashi ƙafar ta kumbura har bai iya shiga keken doki ba, a kan rufinsa aka kwantar da shi zuwa Landan, likitoci suka yi shawarar yanke ta. Allah ya sa ba a yanke ba, amma sai 1838 ya dawo wasa. A 1870 ƙwallo ta tashi daga mummunan zirin Lord's ta sami George Summers na Nottinghamshire a ka, bayan kwana huɗu ya rasu. Ko a 2014, da duk kayan zamani, Phillip Hughes na Ostareliya ya rasu bayan ƙwallo ta same shi a wuya.

Ƙa'idarmu ita ce: a kan jar ƙasa ko siminti mara shimfiɗa, ƙwallon tenis kawai, ko an naɗe ta da tef ɗin lantarki don ta ƙara nauyi. Ƙwallon fata sai inda aka shimfiɗa tabarmar wasa aka ja ta aka kafe, kuma yaron yana sanye da hular kwano mai ragar fuska, safar hannu, kariyar ƙwauri biyu da kariyar gaba. Kumburin ƙwauri a sa ƙanƙara a cikin tsumma minti 15, a ɗaga ƙafar. Idan bai iya taka ta ba, ko duka a ka ne ya biyo da amai, jiri ko yawan barci, asibiti kai tsaye.

Tambaya: Na ji an ce tela ne irina. Shin wasan ya yi masa arziki har ya bar ɗinki? (Tela, Sabon Zango)

Amsa: Maigida, Allah ya sa albarka a sana'a. Ya ci abinci da wasan fiye da yawancin tsararrakinsa, amma bai mutu da dukiya ba.

Fam 100 ɗin da Kent ta ba shi kuɗi ne na gaske: leburan gona a kudancin Ingila a lokacin yana samun wajen sule 10 a mako, wato fam 26 a shekara. Sai dai wasan na damina ɗaya ne, daga Mayu zuwa Satumba, shi ya sa kusan kowane ɗan wasan haya yana da wata sana'a a hannu, ko ɗinki, ko kafinta, ko gini. Wanda ya yi suna akan ba shi gidan saukar baƙi kusa da fili, inda ake sayar da abinci da giya, sunansa ya jawo ciniki. Pilch ya riƙe irin wannan a Town Malling, sannan wanda ake kira Saracen's Head a Canterbury. Daga 1846 wata ƙofa ta buɗe: William Clarke na Nottingham ya tara gwanaye 11, Pilch na ciki, suna bin layin dogo gari-gari suna karawa da 'yan gari 18 ko 22, ana karɓar kuɗin ƙofa. Clarke yana biyan 'yan fam kaɗan a kowane wasa, ribar tana aljihunsa, har a 1852 wasu 'yan wasan suka ɓalle suka kafa tasu tawagar.

Akwai kuma bambancin daraja da ya kamata a faɗa. Masu kuɗin da ke wasa don nishaɗi da waɗanda ake biya ba ɗaya ake ɗaukarsu ba, ko da a ƙungiya ɗaya suke. A 1806 aka fara wasa tsakanin ɓangarorin biyu, daga baya ya zama na shekara-shekara, kuma 'yan hayar sun fi ƙarfi har a 1837 aka faɗaɗa turakun da za su kare don a daidaita. Ba a soke wannan rabe-rabe ba sai ƙarshen 1962. Babu fansho, babu inshora. Da ƙarfi ya ƙare kuma cinikin gidan baƙin ya karye, Pilch ya ƙarasa shekarunsa cikin rashin lafiya da ƙunci, masoya wasan ne suka riƙa haɗa masa abin kashewa. Duk mai ɗan da ke son wasa ya zama abincinsa, ya bar shi ya riƙe keken ɗinkin tare da sandar.

Tambaya: Mu biyar ne kacal a layinmu. Za mu iya kurket? (Ɗan sakandare, Tudu)

Amsa: Ƙwarai kuwa, ɗana, kuma irin wasan da ya ɗaga sunan Pilch ke nan. A 1833 ya kara da Tom Marsden na Sheffield, bahagon da ya taɓa cin 227 a 1826, mutum da mutum, sau ɗaya a Norwich sau ɗaya a Sheffield, ya doke shi duka biyun da rata mai yawa. Ga tsohuwar dokar idan kowane ɓangare bai kai mutum biyar ba. Turaku uku a gefen mai bugu, turke ɗaya a gefen mai jifa. Daga turakun mai bugu a auna yadi 22 dama, yadi 22 hagu, a kafa alama. Bugun da ya bi bayan wannan layi ba shi da maki, sai wanda ya fita ta gaba. Maki ɗaya shi ne ka ruga ka taɓa turken mai jifa ka dawo layinka, wato zuwa da dawowa. Lokacin bugu dole ƙafa ɗaya tana ƙasa a bayan layi. Ƙwallon da ta wuce ba a taɓa ta ba, babu maki a kanta. Ku biyar sai ku yi karɓa-karɓa: ɗaya na bugu, ɗaya na jifa, uku na tsaro, kowa da nasa makin. Za ku ga dalilin da ya sa mai tura ƙwallo gaba a miƙe ke cin irin wannan wasa.

Tambaya: An aiko wa makarantarmu sanduna biyu sababbi, ɗaya ta tsage a mako na biyu. Me muka yi ba daidai ba? (Malamar wasanni, Nima)

Amsa: Malama, kusan tabbas an buga ƙwallon fata da ita ba a horar da itacen ba. Wilo itace ne mai laushi, dole a danne fuskarsa a hankali. Ki ceci ta biyun kamar haka. A samo ɗanyen man linsid (linseed oil, man da ake shafa wa itace). Wanda aka dafa, da masu fenti ke sayarwa, yana bushewa ya yi ɓawo, ba ya shiga itace. Man gyaɗa, manja da baƙin mai duk ba sa yi. Cokalin shayi ɗaya ya isa shafa ɗaya: fuska, gefuna da ƙasan sanda, ban da mariƙi da wurin da aka cusa shi cikin itacen, domin mai yana sassauta gam ɗin. A kwantar da ita fuska sama awa 24, a goge, a maimaita sau ɗaya. Mai da yawa yana sa ta yi nauyi ta mutu, ƙwallo ta daina tashi a kanta. Idan fuskar tana da rufin roba daga kamfani, wurin da itace ya fito fili kaɗai za a shafa.

Sai duka. Da gudumar katako ko tsohuwar ƙwallon fata a cikin safa, a riƙa bubbuga fuskar, a fara a hankali ana ƙara ƙarfi, minti 20 zuwa 30 a zama, har a tara wajen awa shida. Gefuna a doke su a karkace har kaifinsu ya zama zagaye. Kada a doki gefe a tsaye, kada a taɓa bayan sanda. Bayan nan a yi kwana biyu ana tarar jifa mai sauƙi da tsohuwar ƙwallo. Idan ɗinkin ƙwallon yana barin zane mai zurfi a fuska, ba ta nuna ba, a koma gudumar.

Yanayinmu ma yana da nasa. Iskar hunturu tana tsotse danshin itace ya yi gautsi, don haka a ƙara shafa ɗaya mara yawa a farkon Disamba. Kada a bar ta a but ɗin mota ko daf da rufin kwano. Da damina kuma kada a jingine ta a kan jiƙaƙƙen siminti, ƙasanta yana shan ruwa ya kumbura ya dare. A manna masa roba ko a ajiye ta a kwance a kan kantar ajiye kaya. Wadda ta tsage, idan tsagar a fuska take kuma ba ta kai mariƙi ba, a ɗura gam ɗin katako, a matse da maɗauri awa 24, a goge da takardar yashi mai laushi, a naɗe wurin da tef mai zare, ta koma atisaye da ƙwallon tenis.